Jirgin Nutso a Ramin Mpape

Mpape, Abuja
Satumba, 1991

Zuwa ga uwargidana Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara. Ya ciwon ƙugun naki? Ya Rukayya matar ƙanena Hafizu da ƙaramar 'yarta Mashkura, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Ki gaishe mini da mutanen gida da duk wanda ya tambaye ni a Agege.

Na iso lafiya a tirelar Nababa, zaune a kan kabad-kabad na wata ma'aikatar gwamnati. Duk hanya irinsu muke wucewa, kamar an kife Legas ana zazzage ta a Abuja. Nababa ya ce zai riƙa zuwa yana komawa har gwamnati ta gama tarewa, saboda haka ta hannunsa za ki riƙa samun saƙona.

Abin da aka faɗa mana a Legas shi aka maimaita mini a nan, har da ƙari. Ogan da Hafizu ke yi wa tuƙi, mai tifofin kwasar dutse, a tsaye ya karɓe ni. Ya ce ƙanena ya tashi da asuba ya gudu da tifarsa, wai an ga mai kamarta a hanyar Lokoja, wani kuma ya gan ta a Akwanga. Mota ɗaya ta bi kudu ta bi gabas a rana guda. Na ce masa cikin da ya haife ni shi ya haifi Hafizu, kuma yaron da ko allura ya tsinta sai ya bi gida-gida yana cigiya ba zai saci tifa ba. Ya ce duk ɗan'uwan ɓarawo haka yake faɗa. Allah ne ya riƙe mini hannu, Zulai.

Sai na koma wajen direbobi a teburin mai shayi, na samu abin da Oga bai faɗa ba. Tun farkon damina batirin tifar Hafizu ya mutu, Oga ya ƙi sayen wani. Don haka kullum a saman tudu yake ajiye ta. Da asuba sai ya sake ta ta gangara, in ta ɗauki gudu ya jefa giya, injin ya kama. Ke ma kin sha jina ina cewa birkin irin waɗannan motoci da iska yake aiki, iskar kuma sai injin ya tashi take taruwa. A ƙarshen gangaren hanya ta karya hagu. Wanda bai karya ba, tsohon ramin fasa dutse ne a gabansa, wanda aka daina aiki a ciki ruwa ya cika shi, ya fi filin idi faɗi. A asubar da Hafizu ya ɓace an yi ruwan da ya wanke duk wani sawun taya.

Ƙanena yana cikin ramin nan. Na faɗa wa Oga, na faɗa wa 'yan sanda, kowa ya yi kunnen uwar shegu da ni. Hankalin kowa yana kan shafe duwatsun bakin titi da farar ƙasa kafin manya su iso. Na ɗauko wani masunci Banufe ya yi nutso, ya fito yana haɓo, ya ce bai taɓa ƙasa ba, kuma ciki duhu ne kamar cikin tulu. Mun ja ƙugiya, tsohuwar waya kawai ta kamo.

Limamin nan ya yi mini bayanin da ya hana ni cin abinci. Muddin ba a tabbatar da rasuwa ba, Rukayya ba za ta shiga takaba ba, ba a yi masa salla, sai ta kai magana gaban alƙali ta jira shekara huɗu. Shekara huɗu ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, ana nuna 'yarta ana cewa 'yar ɓarawo. Ban yarda ba, kuma ba zan bar garin nan ba sai na wanke sunansa.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta sauran. Kin tuna Baba Zacharias maƙwabcinmu, tsohon sojan ruwa, da labarinsa na jirgin nutso da ya taɓa shiga lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje? Labarin da kike cewa ya ishe ki, har kin haddace? To shi zan ƙera, ƙarami, na mutum ɗaya. Shekarun da na yi ina gyaran batir a ma'aikatar gyaran jirage ba za su tashi a banza ba. Ki ɗauke gilashin tagar jirgin nan mai kauri da kika mayar murfin randa, ki naɗe shi a tsumma ki ba Nababa. Randa ta yi haƙuri da faifai. Sannan ki je wajen Baba ki tambaye shi da me jirgin nasu yake tafiya in ya nutse, ki sa ya faɗa dalla-dalla ki rubuto mini.

Na san za ki ce na haukace. Ki faɗa, amma ki aiko gilashin. Allah ya bar mu tare.

Naki,
Ɗangoggo

Nyanya, Abuja
Oktoba, 1991

Zuwa ga Zulai,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ke da yara da Rukayya. Ni lafiya lau, sai kewar tuwonki. Abin da ake sayarwa a tashar Nyanya da sunan tuwo, da kin gan shi da kin yi mini kuka.

Gilashi ya iso ba ko tsagewa, takardarki ma ta iso. Na ƙirga, sau uku kika kira ni mahaukaci, amma na lura har da tsohon zanenki mai kyau kika naɗe gilashin. Na gode.

Na koma Nyanya wajen wani mai walda, Bernard, mutumin Kafanchan. Hafizu ya sha kawo masa gyara, kuma shi kaɗai ne da na faɗa wa niyyata bai yi dariya ba, sai ya ɗauko alli ya fara zane a ƙasa. Mun samo tsohon tankin iska na injin fasa dutse, mai kaurin gaske, tsawonsa ya ɗauke ni a kwance da ɗan saura. Ya yanka masa ƙofa a sama, ya dasa gilashinki a goshi, ya ɗaura masa kwandon waya a ciki ta ƙasa inda za a zuba duwatsu su ja shi ƙasa. In na ja wani ƙarfe daga ciki, duwatsun su zube, in taso. Fankar lagireto ta zama farfela.

Saura abin da zai juya farfelar. Kafin amsar Baba ta iso na yi gaban kaina, na ce ƙaramin injin ban-ruwa zai yi. Allah ya sa a tudu muka gwada. Muka tayar da injin a ciki, muka ajiye fitilar ƙwai, muka jefa zakaran Lucia matar Bernard, muka rufe. Kafin in gama shan kofin ruwa injin ya yi tari ya mutu. Na leƙa ta gilashi, fitila ta mutu, zakara ya yi warwas ƙafafu sama. Da ƙyar ya farfaɗo da fifita. Har yau bai ƙara cara ba, Lucia kuma ba ta ƙara amsa gaisuwata da daɗi ba. Ta ce in ina son in kashe kaina in yi, amma in bar mata kajinta.

Washegari sai ga takardarki, kamar Baba yana kallonmu. Ya ce inji mai cin iska ne kamar mutum, har ya fi mutum haɗama, shi ya sa jirginsu ba ya kunna dizal sai a saman ruwa, ko kuma ya tsaya dab da sama ya miƙa dogon bututu yana zuƙo iska ta ciki. Da shi suke cika batura, in sun nutse can ƙasa sai su kashe inji su koma kan batir. Sai na ce to bari in yi bututun. Muka kai tankin wani ƙaramin kududdufi, muka ɗaura tiyo biyu a jikin jarka tana yawo a sama, ɗaya na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi. A tsayin mutum ɗaya ya yi aiki, har Bernard ya yi rawa. Da muka ƙara zurfi sai ruwa ya matse tiyon ya lanƙwashe, hayaƙi ya dawo mini ciki, kunnuwana suka toshe. Na zubar da duwatsu na taso ina amai. Kada ki gaya wa Rukayya wannan.

Bernard ya ce mu bar zancen inji, ya hau kwale-kwalen durom ya riƙa jana da igiya. Mun gwada. Wanda yake sama ba ya ganin abin da na ƙasa yake gani, sai da ya gwara ni da dutse har na fasa leɓe. Igiyar za ta zauna don tsaro, amma tuƙi dole ya kasance a hannuna, fitilu kuma dole su samu wuta.

Mutanen Mpape sun raɗa wa jirgina suna, wai akwatin gawar Ɗangoggo. Ko a jikina. Waɗanda ke dariyar, ko ƙafa ba su taɓa tsomawa a ramin ba saboda tsoron aljanu. Ki koma wajen Baba ki tambaye shi batun tukunyar iskar walda, Bernard yana ganin za a iya shayar da injin da ita. Ki kai masa goro, ko da yake haƙoran sun ƙare.

Ki shafa mini kan yara. Ki ce wa Rukayya ina nan a kan bakana.

Mijinki,
Ɗangoggo

Nyanya, Abuja
Nuwamba, 1991

Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta yara, duk da na san fushi kike da ni. Takardarki tun daga ninkinta na gane da hannun fushi aka ninke ta.

Na ji an aiko daga wurin aiki cewa hutuna ya ƙare tuntuni, in ban koma ba za a ba wani kujerata. Su ba shi. Kin ce in tuna ina da 'ya'ya, na tuna. Ina so su tashi su san cewa ranar da aka shafa wa ƙanen ubansu baƙin fenti, ubansu bai koma gida ya kwanta ba. Kin kuma ce wai jirgin ne ya shiga raina, na manta abin da ya kawo ni. Wannan ta yi mini zafi, Zulai. A cikin wannan takardar taki kika rubuta cewa Mashkura ta daina zuwa Islamiyya saboda yara na yi mata waƙa, kuma matan layinmu sun daina aron turmi a wajen Rukayya. Da wane ido zan shigo Agege hannu rabbana?

Baba ya kyauta da ya hana mu tukunyar walda. Ya ce in wannan iska ta haɗu da mai ko giris a rufaffen wuri, ko ashana ba ta jira. Ya ce Turawa ma sun gwada irin wannan dabara, da iskar a tukunya, da wani ruwan magani mai fitar da ita, ɗan'uwan wanda ake wanke ciwo da shi amma mai ƙarfin tsiya, jiragen suka yi ta kamawa da wuta har yawancinsu suka haƙura. Na karanta wa Bernard, ya mayar da tukunyarsa lungu. Batun manyan jirage masu nukiliya kuwa, da ya ce suna wata da watanni a ƙasa ba su leƙo ba domin wutarsu ba ta cin iska, ki ce masa na ji. In kin shiga kasuwar Oshodi ki duba mini ko ana sayar da ita a mudu.

Na gwada feda ma. Muka cire na keken Bernard muka haɗa da farfela. Yana tafiya, amma kamar kunkuru mai ciwon ƙafa, ni kuma ina haki ina cinye 'yar iskar da ke ciki. Ashe ni ma injin ne mai haɗama. Dabarar Baba ta farar ƙasa dai ta yi amfani. Na shimfiɗa ta a faranti a cikin tankin, tana tsotse mugun numfashi, kaina ya rage sarawa. Bokiti guda na roƙa a wajen masu shafe bakin titi. Aƙalla kwalliyar gwamnati ta yi wa talaka rana sau ɗaya.

Don haka na dawo kan abin da ya kamata in fara da shi, wato sana'ata. Batir ba ya numfashi, ba ya hayaƙi, nauyinsa ma taimako ne wajen nutsewa. Na samo tsohon dainamon babbar mota, in ka ba shi wuta juyawa yake kamar injin fanka, na haɗa shi da farfela. Na ɗaura fitilun tifa biyu a goshi. Da batir ɗaya na gwaji komai ya yi yadda nake so, sai dai kafin in kai tsakiyar kududdufi ya yi sanyi. Ramin Mpape yana son manyan batura kamar takwas, irin na tifa, kuma babu mai su sai direbobi. Oga ya ji labari, ya tara su ya ce duk wanda ya ba ni aron ko kan waya, ya ajiye makulli. Na je na same shi a gaban yaransa, na ce in ya tabbata tifarsa tana Lokoja me yake tsoro a ramin? Ya ce lokacinsa yake tsoron ɓatawa. Na ce masa ni kuwa nawa ba shi da wani amfani sai wannan.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Duk sanda Bernard ya rufe ƙofar nan a kaina ya ɗaure kusoshi, sai in ji kamar an rufe ni da ƙasa, in yi ta karanta duk abin da ya zo bakina. Amma tsoro daban, fasawa daban. Ki daina aiko mini da Nababa yana yi mini wa'azi, tuƙi aka ɗauke shi.

Kin ce Rukayya ta daina sa kwalli da lalle tun ranar da labarin ya zo, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ki riƙa zama da ita da rana, ki tilasta mata cin abinci. Ki yafe mini kaifin harshe, kin san halin kayanki.

Naki har kullum,
Ɗangoggo

Mpape, Abuja
Disamba, 1991

Uwargida Zulai,

Gaisuwa da fatan alheri, ya yara, ya gida? Wannan gajeriya ce, Nababa yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

An ba da sanarwa cewa ranar Alhamis gwamnati za ta tare a Abuja, kuma daga jajibere ba a son ganin tifa ko ɗaya a kan titi, kada su zubar da tsakuwa a inda manya za su bi. Tifofin Mpape duka za su kwana biyu a ajiye. Direbobin nan kuwa al'adarsu ce in mota za ta kwana, su cire batir su kai ɗaki saboda ɓarayi. Ke nan ranar Alhamis kowane batir yana ƙarƙashin gadon mai shi, Oga kuma yana can cikin gari da babbar riga yana neman a gan shi.

Na je teburin mai shayi na faɗa musu haka. Ban roƙe su ba. Na ce ni dai ina bakin rami da hantsi, da batir ko ba batir, in babu zan shiga da feda. Thaddeus, babbansu, wanda ya koya wa Hafizu hanyoyin garin nan, ya ce zai kawo nasa. Sauran suka sunkuyar da kai cikin kofi. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

In Allah ya yi wani ikonsa, kayan aikina na babban yaronmu ne, kada ki bari a raba su. Goggo mahaifiyarmu kuma kada a aika mata da takarda Malumfashi, mutum ya je da ƙafarsa. Ban taɓa faɗa miki ba, amma ranar da aka kawo ki gidanmu Hafizu ne ya fara leƙo ki, ya dawo ya ce mini na yi sa'a. Gaskiya ya faɗa. Ki yi mini addu'a, ki bar kukan sai an ga dalili.

Mijinki,
Ɗangoggo

Mpape, Abuja
Disamba, 1991

Zuwa ga Zulai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Rukayya da Mashkura. Ni ina raye, da ƙafafuna nake tafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna, ki gama, sannan ki shiga ɗakin Rukayya.

Ranar Alhamis da hantsi muna bakin rami ni da Bernard da Lucia, wadda ta ce ta zo ne ta ga ƙarshen taurin kai, amma da ƙullin abinci ta zo. Daga can cikin gari ana jin jiniya da ganguna, jirage na wucewa a sama. Thaddeus ya gangaro da batirinsa a ka. Na duba bayansa ba kowa, na ce to, ɗaya ma arziki ne. Muna cikin ɗaurawa sai muka ji ƙarar baro. Su ne, Zulai, a jere, wani a baro wani a kafaɗa, kowane batir da sunan mai shi da jan fenti. Sun fi abin da nake nema, sai da na mayar da wasu. Suka ajiye suka tsaya.

Aka rufe ni, aka tura. Ruwan kore ne da farko, sannan ya koma baƙi, sanyi ya ratso ƙarfen har cikin haƙorana. Na kunna fitilu, na ba dainamo wuta, na ji farfela ta kama. Jirgina ya tafi, Zulai. A nan na yi wauta. Baba ya ce a gaya mini jirgin nutso da awo yake cin batir, kamar mace mai auna ragowar hatsi, gudu shi ke cinye wuta. Ni kuwa daɗi da zumuɗi suka sa na sake masa wuta duka, na nufi tsakiya inda kowa ke zato. Ban ga komai ba sai tsofaffin durom da waya da duwatsu. Kafin in farga fitilu sun fara ja, farfela ta rage murya, numfashina ya yi nauyi. Bernard ya girgiza igiya, alamar in taso. Na buga masa sifana a jikin tanki, alamar a'a.

Na kashe fitila ɗaya, na rage wutar farfela har sai da ta koma kamar mai fifita, na juya na bi jikin bango a hankali, ta gefen da gangaren ya faɗo. A can dutsen ya yi rumfa, ƙugiya ba ta isa wurin. Taya na fara gani. Sannan shuɗin bodi. Tana tsaye a kan wani tudun dutse, kai ƙasa, gindi sama. Na zagayo ta gaba na haska gilashin. Kin tuna jan takalmin roba na Mashkura, na lokacin da ta fara tafiya, wanda ya ɓace ƙafa ɗaya kuka yi ta nema? Yana rataye a madubinsa, yana lilo a cikin ruwa. A bayansa kuma ƙanena ne, a kan kujerarsa. Ba zan rubuta miki fiye da haka ba.

Na saki maganaɗisun da Bernard ya ciro daga tsohuwar lasifikar cocinsu, ya manne a bodi, jarkar da ke ɗaure da shi ta tashi sama da igiya. Na zubar da duwatsu. Kafin su buɗe ƙofa sun riga sun ga jarkar. Thaddeus ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Ogan da ya ce ba shi da lokaci, da ya ji tifarsa tana nan, cikin kwana biyu ya samo kuren, injin ɗaga kaya masu nauyi. Banufen nan ya bi igiyata ya maƙala sarƙa, aka jawo ta a gaban duk mutanen Mpape. Makulli yana jiki, giya tana ciki, mataccen batirin yana akwatinsa. Muka yi wa Hafizu sutura yadda ya samu, muka yi masa salla. Sahu ya yi tsawo, su Bernard da Thaddeus suna tsaye a baya har aka gama, kuma da su aka haƙa kabarin. Oga ya zo ya miƙo mini hannu yana ba ni haƙuri. Na ce ba ni zai ba, akwai mace da yarinya a Agege, ya je ya tsaya a ƙofar gidanmu da rana tsaka ya faɗa da ƙarfi yadda ya faɗi waccan. Ya ce zai je. In ya zo kada ki ba shi kujera. Na ji an ce jiya ya sayo sababbin batura ya raba wa motocinsa.

Na tambayi liman batun takaba. Ya ce tunda an tabbatar da ranar, daga ranar rasuwa ake lissafi, ba daga ranar da labari ya zo ba. Wata huɗu da kwana goma, bai fi mako biyu ya rage mata ba. Ki gaya wa Rukayya haka. Ki ce mata zaman da ta yi a ɗaki ba kwalli ba lalle, ana zaginta, ashe takabar mijinta take yi, ita ta riga mu sani. Takalmin yana cikin ƙullin da Nababa zai ba ki, na wanke shi. Ki kama hannun Mashkura da kanki ki mayar da ita Islamiyya, ki bi da ita ta tsakiyar layi.

Direbobi sun ɗauke ni a kafaɗa ranar, suna cewa na yi nasara, masu cewa akwatin gawa yanzu har hoto suke zuwa ɗauka da tankin. Ni ban san inda zan sa wannan nasara ba. Wata uku ina rantsuwa a gaban kowa cewa yana cikin ramin nan, kuma ba safiyar da ban roƙi Allah ya ƙaryata ni ba, a zo a ce an kama shi a Lokoja da tifar mutane, in je in wanka masa mari in kawo shi gida.

Gobe zan wuce Malumfashi in faɗa wa Goggo da bakina, daga can sai gida. Gilashinki yana jakata, ki ce wa randa ta kusa samun murfinta. Ki gaishe da Baba Zacharias, ki ce masa jirgin ya nutse kuma ya taso. Allah ya jiƙan Hafizu, ya ba mu haƙuri.

Mijinki,
Ɗangoggo